Tarihin Ilmin Muhalli a Zangon Kumasi: Daga Malamin Allo Zuwa Malami Mai Digiri na Biyu

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aka riƙa koyar da al'ummar Zangon Kumasi ta ƙasar Gana sha'anin tsabta da kula da muhalli, tun daga kafuwar zangon har zuwa lokacin da jami'o'i suka fara ba malaman makaranta horo mai zurfi a wannan fanni. Abin da ake nufi da ilmin muhalli a nan shi ne koyar da mutum sanin dangantakarsa da ruwa da ƙasa da iska da tsirrai da ke kewaye da shi, tare da cusa masa halin kiyaye su. Za a ga cewa wannan aiki ya ratsa hannun mutane iri uku, wato malamin allo da duba-gari da kuma malamin makarantar boko, kuma kowannensu ya zo da harshensa da hujjarsa da irin hukuncinsa. Wannan batu ya shafi ɗalibin harshe kai-tsaye, domin kuwa Hausa ita ce harshen da ke haɗa mazauna zango, alhali da Ingilishi ake yin karatun digirin.

2.0 Asalin Zangon Kumasi

A Hausar ƙasar Hausa, zango shi ne wurin da ayarin fatake ke yada kaya su kwana, haka kuma tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. A Gana kuwa, inda ake furta kalmar da zongo, ma'anarta ta koma unguwar baƙi, musamman Musulmi 'yan arewa.

Goro ne ya kai Hausawa wannan yanki. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan tashi daga Kano da sauran garuruwa a ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga ta ƙasar Gwanja, inda suke sayar da tufafi da kanwa da fatu, su sayi goron da ake kawowa daga kurmin Asante. Akwai Musulmi a birnin Kumasi tun a wancan lokaci, domin Turawa biyu, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da malamai a fadar sarkin Asante. Sai dai sarakunan Asante sun fi son a tsayar da fataken arewa a Salaga, don ribar goro ta zauna a hannunsu.

Abubuwa uku ne suka buɗe wa Hausawa ƙofar Kumasi. Na farko, yaƙin 1874, lokacin da Ingilishi suka ƙone birnin, abin da ya raunana ikon Asante a kan ƙasashen arewa. Na biyu, basasar Salaga ta 1892, wadda ta tarwatsa 'yan kasuwa da malamai; cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya rasu can a 1934. Na uku, mamayar Kumasi a 1896 da kama Sarki Prempeh na Ɗaya, sannan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. Sojojin da Turawa suka girke a birnin da yawansu 'yan arewa ne masu jin Hausa, kuma fatake da malamai da mahauta suka biyo bayansu. Da jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, sai cinikin goro da shanu da koko ya ƙara jawo Mosawa da Dagwambawa da Yarabawa da Zabarmawa da Fulani da Wangarawa. Duk waɗannan ƙabilu Hausa ce ta zama harshen cinikinsu da na masallacinsu, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a binciken da ta wallafa a 1978 game da mutanen wannan zango.

3.0 Malamin Allo da Babin Tsarki

Malamin farko da ya koyar da yaran zango wani abu game da muhalli shi ne malamin makarantar allo da na zaure. Yaron da ya yi nisa a Alƙur'ani yakan shiga littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, waɗanda dukkansu suka ba tsarki muhimmanci ƙwarai. A nan ne yake koyon rabe-raben ruwa, da cewa ruwan da najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai halatta a yi alwala da shi ba. Har ila yau yakan koyi ladubban kewayawa, da hanin biyan buƙata a kan hanya ko a inuwar da mutane ke hutawa ko a cikin ruwan da ba ya gudu.

Idan aka yi la'akari da wannan koyarwa, za a ga tana da ƙarfi ta fuska biyu. Da harshen gida ake fassara ta, wato malam ya karanta Larabci ya fassara da Hausa, sannan kuma hujjarta ibada ce, saboda haka mutum yakan kiyaye ta ko da babu mai ganinsa. Amma tana da iyaka. Ta fi mayar da hankali ga jiki da tufafi da wurin salla, kuma an tsara ta ne kafin a gano ƙwayoyin cuta. Ruwan rijiya yana iya zama garau, ba wari ba launi, ya cika sharaɗin alwala, alhali yana ɗauke da ƙwayar amai da gudawa. Bugu da ƙari, fataken da suka saba kwana kaɗan a zango su wuce ba su gaji tsarin kwashe sharar dubban mutane da ke cunkushe wuri ɗaya shekara da shekaru ba.

4.0 Annobar 1924 da Zamanin Duba-gari

A ƙarshen ƙarni na 19 ne likitocin Turai suka gano abubuwan da suka sauya tsarin biranen mulkin mallaka. A 1894 Yersin ya gano ƙwayar annobar ɓera, wadda Larabawa ke kira ɗa'un, a Hong Kong. A 1897 Ross ya tabbatar da cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kuma a 1898 Simond ya nuna cewa ƙumar jikin ɓera ce ke ɗaukar annoba zuwa ga mutum. Annobar ta shiga Akra a 1908, zazzaɓin shawara kuma ya ɓarke a Sekondi a 1910. Daga nan gwamnati ta ƙarfafa aikin ma'aikatan da ke shiga gida-gida suna leƙa randuna da tuluna, duk wadda aka sami tsutsar sauro a randarta sai a kai ta kotu a ci ta tara.

A 1924 annobar ɓera ta auka wa Kumasi, a zamanin Gwamna Guggisberg, lokacin Malam Sallau yana sarautar zango, wadda ya riƙe daga 1919 zuwa 1932. Jami'in lafiyar birnin a lokacin shi ne Dakta Selwyn-Clarke, wanda ya rubuta rahoto a kan annobar. Hukuma ta ɗora alhakin abin a kan cunkoson tsohon zango, saboda haka aka rushe gidaje da dama, aka gina wa mutane sabuwar unguwa mai jerarrun gidaje, wadda ake kira Sabon Zongo. A 1925 aka kafa Hukumar Lafiyar Jama'a ta Kumasi, wadda ta zama tamkar majalisar birni, ita ce kuma tushen hukumar birnin ta yau. A shekarun da suka biyo baya aka yi wa fadamar rafin Subin magudanai, aka kuma fara aikin madatsar ruwa ta Owabi a 1928 domin kawo ruwan famfo.

Babu shakka waɗannan ayyuka sun ceci rayuka. To, amma irin darasin da mutumin zango ya ɗauka daga gare su shi ne abin lura. Duba-gari ya zo ne da takardar sammaci, ba ya tsayawa ya yi bayanin abin da ya haɗa tsutsar randa da zazzaɓin yaro. Mata su ne suka fi shan wahalarsa, domin su ke riƙe da randa da tsintsiya, kuma shigar namiji baƙo cikin gidan matan aure abu ne mai nauyi ga Musulmi. Ta haka tsabtar gari ta zama abin hukuma, abin da ake yi don gudun tara. Wani abin kuma shi ne, leburorin da ke kwashe bokitin ba-haya da dare yawancinsu baƙi ne masu ci-rani, mazauna irin waɗannan unguwanni. Ke nan mutanen da ake zargi da ƙazanta su ne ke tsabtace wa birnin ƙazantarsa.

5.0 Shigowar Malamin Makarantar Boko

Kumasi ta daɗe da zama cibiyar horar da malamai. A 1924 aka mayar da Kwalejin Wesley ta 'yan mishan daga Aburi zuwa Kumasi, kuma tsabtar jiki da nazarin halittu suna cikin darussan makarantun wancan zamani. A watan Janairu na 1952 Kwalejin Fasaha ta Kumasi ta fara aiki da ɗalibai 200 masu koyon aikin malanta da aka kwaso daga Achimota; a 1958 aka mayar da mafi yawan wannan sashe Winneba, a 1961 kuma kwalejin ta zama Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah. A 1962 aka kafa kwalejin jami'a a Cape Coast musamman domin samar da malamai masu digiri.

Sai dai yaran zango ba su ci moriyar wannan ci gaba da wuri ba. Yawancin makarantu na mishan ne, iyaye kuwa suna tsoron kada 'ya'yansu su bar addini. Akwai ƙoƙarin da aka yi daga cikin Musulmi, kamar sakandaren Ahmadiyya da aka buɗe a Kumasi a 1950, da makarantar Wataniyya ta Alhaji Baba Alwa'iz, wadda ta kawo tsarin aji da benci cikin karatun Larabci. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta ƙara dagula al'amari, domin dubban mazauna zanguna sun bar ƙasar, waɗanda suka rage kuma suka zauna cikin ɗar-ɗar. Wanda bai tabbatar da zamansa a wuri ba da wuya ya kashe kuɗi wajen gina masai ko magudana.

Babban sauyi ya zo a 1987, shekarar da aka yi wa tsarin ilmin Gana garambawul, aka kuma kafa Sashen Ilmin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilmi ta ƙasar. Da wannan ne gwamnati ta riƙa tura horarrun malamai makarantun Islamiyya tana biyansu albashi, su koyar da Ingilishi da lissafi da kimiyya a gefen Larabci. Wannan ne ya haɗa malamin allo da malamin boko a farfajiya ɗaya, suna koyar da yara ɗaya.

6.0 Ilmin Muhalli a Matsayin Fannin Jami'a

A duniya baki ɗaya, taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Istokholm a 1972 shi ne ya ɗaga batun muhalli. Bayansa aka yi taron Belgired a 1975, sannan taron Tibilisi a watan Oktoba na 1977, wanda hukumomin UNESCO da UNEP suka shirya. Taron Tibilisi ya zayyana manufofi biyar na ilmin muhalli, wato faɗakarwa da sani da kyakkyawan hali da ƙwarewa da kuma shiga cikin aiki, ya kuma jaddada cewa sai an horar da malamai, na cikin kwaleji da waɗanda ke bakin aiki, kafin a cim ma su. Gana ta kafa majalisar kare muhalli a 1974, wadda dokar 1994 ta mayar da ita hukuma mai ikon hukunci. A 1992 aka ƙaddamar da shirin ilmin lafiya a makarantu, a 1999 kuma aka fito da manufar ƙasa ta tsabtar muhalli, wadda aka sabunta a 2010.

Ita ma jami'ar Kumasi ta ba da tata gudummawa. A shekarun 1970 Injiniya Albert Wright ya ƙirƙiro wani irin masai mai ramuka biyu da bututun fitar da wari, wanda ake amfani da rami ɗaya har ya cika, a rufe shi ya bushe, a koma ɗayan. Sunan Kumasi wannan masai ke ɗauke da shi, wato KVIP. Wani bincike da aka yi a birnin a 1989 ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na gidaje da masan haya na unguwa suka dogara, kusan kashi 25 kuma da bokiti.

Ta ɓangaren malamai kuwa, a 1992 aka kafa kwalejin jami'a ta ilmi a Winneba, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 2004, tana da rassa a Kumasi da Mampong ta ƙasar Asante. A reshen Mampong ne aka buɗe sashen koyar da lafiyar muhalli da tsabta, inda ake yin digiri na farko, daga baya har da na biyu. A 2020 aka haɗa rassan nan biyu suka zama jami'a mai cin gashin kanta. Kwalejojin horar da malamai su ma an ɗaga su, suka fara ba da difloma daga 2004, daga 2018 kuma digirin shekara huɗu. Cikinsu akwai Kwalejin Al-Faruq ta Wenchi, wadda Musulmi suka kafa.

Malamin da ke son digiri na biyu yana da hanya biyu. Ko dai ya nemi hutun ƙaro ilmi daga Hukumar Ilmi ya zauna a jami'a, inda akasari yakan yi shekara ɗaya a aji da shekara ɗaya yana bincike da rubuta kundi, ko kuma ya shiga tsarin karatun lokacin hutu, wato ya riƙa zuwa jami'a idan an rufe makarantu. Amfanin wannan mataki shi ne yana koya wa malami yin bincike da kansa: ɗibar ruwa a auna a ɗakin gwaji, tsara tambayoyi, ƙirga sharar da gida ke fitarwa, da gwada wace hanyar koyarwa ce ke sauya halin yara.

Zango kuwa ba ya rasa abin bincike. Rafin Aboabo, wanda ke ratsa Moshie Zongo da Aboabo kafin ya haɗu da rafin Sisa, yana kwasar ruwan kwata da ledar ruwan sha da sharar gidaje, da damina kuma ya toshe ya yi ambaliya. Akwai majema masu zuba ruwan jima, akwai masu sana'ar gwangwan a Dagomba Line da ke ƙona waya don cire tagulla, akwai kuma gidajen haya masu ɗakuna da yawa da ba su da masai. Ƙidayar 2010 ta nuna mutanen Kumasi sun haura miliyan 2, a 2012 kuma aka yanke Asokore Mampong, wadda ta ƙunshi Aboabo da Asawase da Sawaba, ta zama ƙaramar hukuma. A 2017 gwamnati ta kafa asusun raya zanguna da ma'aikata ta musamman, ko da yake an soke ma'aikatar a 2021.

7.0 Matsalar Harshe

Hausa tana cikin harsunan da gidan rediyon Gana ya daɗe yana watsa shirye-shirye da su, amma ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin rubutawa da koyarwa a makarantu, irin su Twi da Ewe da Ga da Dagbani. Sakamakon haka, yaron da ya tashi da Hausa a Aboabo yakan tarar da Twi da Ingilishi a aji, malamin da ya rubuta kundi a kan rafin unguwar kuma da Ingilishi ya rubuta shi, ya ajiye a ɗakin karatun jami'a. Uwar da ke zuba shara a rafin ba za ta karanta shi ba, haka limamin da zai iya faɗa mata a wa'azi.

Kalmomin da ake amfani da su ma suna ɗauke da wannan tarihi. Ga misalai:

(a) Salga: ramin ba-haya. Masana da dama suna danganta kalmar da sunan garin Salaga, wato fatake ne suka komo da ita ƙasar Hausa.

(b) Bola: juji ko wurin zuba shara. Ana jin ta a Gana da Nijeriya, kuma ana danganta ta da sunan Ingilishi na tanderun ƙona shara na zamanin Turawa.

(c) Tankas: sunan da ake kiran ma'aikacin tsabta a Gana, daga sunan majalisar gari a Ingilishi.

(d) Saman-saman: wani sunan nasa, wanda ya fito daga tushe ɗaya da kalmar sammaci.

Idan aka kwatanta (c) da (d) da duba-gari na Nijeriya, za a ga cewa sunan Nijeriya aikin mutumin yake bayyanawa, na Gana kuwa hukuma da kotu suke tunatarwa. Haka nan akwai bambanci tsakanin tsarki, wanda hukunci ne na addini, da tsabta, wadda ido ke gani, da kuma rashin ƙwayar cuta, wanda sai an auna. Malamin da bai rarrabe waɗannan uku da Hausa ba zai yi ta magana ɗalibai suna fahimtar wani abu daban. Wajibi ne kuma mai shirya littafi ya lura da Hausar Gana kanta, wadda ta yi watsi da bambancin jinsin namiji da tamace a wurare da yawa, ta kuma ari kalmomi daga Twi da Ingilishi.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa malamin allo ya sami amincewar jama'a da harshensu, amma bai san ƙwayar cuta ba. Duba-gari ya zo da sanin likita, amma ya isar da shi ta hanyar tara da rusau, kamar yadda ya faru a 1924. Malami mai digiri na biyu yana da kimiyya da dabarun koyarwa da na bincike, sai dai harshen karatunsa ya bambanta da na unguwar da yake aiki. An kuma ga cewa koyarwa ita kaɗai ba ta isa, domin yaron da aka koya wa wanke hannu yana buƙatar famfo, wanda aka hana zuwa bakin rafi kuma yana buƙatar masai. Aikin da ya rage ga masu nazarin Hausa shi ne tattara kalmomin ruwa da shara da cuta kamar yadda ake faɗarsu a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, da fassara sakamakon kundayen bincike zuwa ƙananan littattafai da shirye-shiryen rediyo, da boko da ajami, waɗanda malamin aji da limamin unguwa za su iya amfani da su tare.